Richard III: Sarkin Ingila da aka tono ƙasusuwansa a wurin ajiye motoci bayan shekara 527

A ranar 25 ga Agusta, 2012, masu haƙar kayan tarihi na Jami'ar Leicester suka fara fasa kwalta a wani wurin ajiye motocin ma'aikatan hukumar birnin Leicester da ke Ingila. Birnin dai shi ne wanda masu kallon ƙwallo suka sani da ƙungiyar Leicester City, inda Ahmed Musa da Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho suka taka leda.

Tun ranar farko suka ci karo da ƙasusuwan ƙafar mutum. Da aka buɗe ramin gaba ɗaya bayan 'yan kwanaki, sai ga ƙwarangwal kwance, ƙashin bayansa a murɗe, ƙoƙon kansa duk sara.

Bayan wata biyar ana gwaje-gwaje, a ranar 4 ga Fabrairu, 2013, jami'ar ta sanar da cewa ƙasusuwan na Sarki Richard III ne, sarkin Ingila na ƙarshe da ya mutu a fagen daga.

Shekara biyu da wata biyu kacal ya yi a kan mulki, amma har yau ana gardama a kansa. Wasu na kallonsa a matsayin baffan da ya ci amanar marayun yayansa don ya hau gadon sarauta. Wasu kuma na cewa sarki ne mai adalci da waɗanda suka kashe shi suka shafa wa baƙin fenti. Ƙasusuwansa sun warware wani ɓangare na wannan gardama, sun bar wani.

Yaron da ya tashi cikin yaƙin basasa

An haifi Richard ranar 2 ga Oktoba, 1452, a fadar Fotheringhay. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Richard, shi ne mai riƙe da sarautar Duke na York, wato ɗaya daga cikin manyan sarautun da ake bai wa 'yan gidan sarki. Sunan mahaifiyarsa Cecily Neville. Yana cikin ƙananan 'ya'yansu, don haka babu wanda ya kawo masa sarautar Ingila a rai.

A lokacin, gidaje biyu ne ke taƙaddama kan gadon mulki, gidan York da gidan Lancaster, kuma dukkansu zuriyar Sarki Edward III ne. Wanda ke kan karaga shi ne Henry VI na gidan Lancaster, mutum mai rauni da ke fama da larurar taɓin hankali lokaci zuwa lokaci. Mahaifin Richard ya ga shi ya fi cancanta, daga nan rikici ya rikiɗe ya zama yaƙi. Daga baya aka riƙa kiran wannan zamani da Yaƙe-yaƙen Furanni, saboda ana danganta farin fure da gidan York, jan fure da gidan Lancaster.

A ƙarshen Disamba 1460 aka kashe mahaifin Richard da yayansa Edmund a yaƙin Wakefield. Aka sare kan uban, aka kafa shi a ƙofar birnin York da kambin takarda don izgili. Richard na da shekara 8. Mahaifiyarsa ta tura shi da yayansa George ƙetaren teku, yankin da ƙasar Holan take a yau, don kada a hallaka su.

Gudun hijirar bai daɗe ba. A watan Maris 1461 babban yayansu Edward ya murƙushe rundunar Lancaster a yaƙin Towton, ya tabbata Sarki Edward IV. A shekarar aka naɗa Richard Duke na Gloucester, sannan aka kai shi riƙo gidan ɗan kawunsa, Richard Neville mai sarautar Warwick, a arewacin Ingila. A can ya koyi hawan doki da riƙe makami, kuma a gidan ne 'yar mai gidan, Anne Neville, wadda ya aura daga baya, ta tashi.

Ƙanen da bai taɓa juya wa yayansa baya ba

Duk tsawon mulkin Edward IV, an san Richard da biyayya. A 1470 Warwick ya juya wa sarki baya, ya haɗa kai da gidan Lancaster, ya mayar da Henry VI kan mulki. George, yayan Richard, ya bi 'yan tawaye. Richard kuwa ya bi Edward gudun hijira.

Da suka dawo a 1471, Richard yana ɗan shekara 18 ya shiga yaƙin Barnet, inda aka kashe Warwick, da yaƙin Tewkesbury, inda aka kashe ɗan Henry VI tilo. Henry VI kansa ya mutu a Hasumiyar Landan a watan Mayu na shekarar. George ya dawo ɓangaren sarki, amma bai daina ƙulle-ƙulle ba, har Edward ya sa aka kashe shi a 1478 bisa laifin cin amanar ƙasa.

Edward ya danƙa wa Richard arewacin Ingila, ya zauna can shi da Anne da ɗansu guda. Mutanen birnin York sun ji daɗin mulkinsa. A 1482 ya jagoranci runduna zuwa Scotland, ya ƙwato garin Berwick, wanda tun daga lokacin bai sake fita daga hannun Ingila ba.

Da a ce Richard ya mutu a wannan shekara, da tarihi ya tuna shi a matsayin amintaccen ƙane kuma gwanin yaƙi.

Wata uku da suka sauya komai

Edward IV ya rasu ba zato ranar 9 ga Afrilu, 1483, yana da shekara 40. Ya bar 'ya'ya maza biyu: Edward mai shekara 12, wanda ya zama Sarki Edward V, da ƙanensa Richard mai shekara 9.

Tun da sabon sarki yaro ne, dole a samu mai riƙon ƙwarya. A nan ne aka ja daga tsakanin dangin uba da dangin uwa. Yaron ya tashi ne a hannun kawunsa, Anthony Woodville, ɗan'uwan mahaifiyarsa. Baffansa Richard kuma na ganin riƙon nasa ne.

Ana kan hanyar kawo yaron Landan, Richard ya kama kawun, sannan ya tare ayarin a garin Stony Stratford, ya kama wasu na kusa da shi, ya karɓi yaron. Da mahaifiyar, Elizabeth Woodville, ta ji labari, sai ta kwashi sauran 'ya'yanta ta fake a majami'ar Westminster. Majalisar sarki ta amince da Richard a matsayin mai riƙon ƙasa, aka sauke yaron a Hasumiyar Landan, wadda a lokacin fada ce kuma kurkuku, kuma a nan sarakuna kan zauna kafin bikin naɗi.

Daga nan al'amura suka riƙa faruwa a guje. Ranar 13 ga Yuni, ana tsakiyar zaman majalisa, Richard ya zargi William Hastings, aminin marigayi sarki, da ƙulla masa makirci, aka sare masa kai ba tare da shari'a ba. Bayan kwana uku aka lallashi uwar ta saki ƙaramin yaron, aka haɗa shi da yayansa a hasumiya. Ranar 22 ga Yuni wani malamin coci ya yi wa'azi a bainar jama'a cewa auren Edward IV da Elizabeth bai halatta ba, domin akwai alƙawarin aure tsakaninsa da wata mace tun kafin nan. A dokar cocin wancan zamani, wannan na nufin 'ya'yan ba su da gadon sarauta.

An kashe kawun yaran a Pontefract ranar 25 ga Yuni. Washegari Richard ya karɓi mulki, aka yi bikin naɗinsa ranar 6 ga Yuli.

Yaran biyu kuwa, an riƙa hango su suna wasa a harabar hasumiya, sannan ganinsu ya riƙa raguwa. Bayan ƙarshen bazarar 1483 babu wanda ya sake ganinsu a fili. Jita-jitar an kashe su ta bazu har Faransa, kuma Richard bai taɓa fito da su ya nuna wa jama'a ba.

Gajeren mulki

Cikin watan Oktoba na wannan shekara babban na hannun damansa, Duke na Buckingham, ya shiga tawaye. Richard ya murƙushe tawayen, ya sa aka kashe shi.

Majalisar dokoki sau ɗaya ta zauna a zamaninsa, a farkon 1484, kuma masu kare shi na yawan kafa hujja da dokokin da ta yi. An ba alƙalai ikon bayar da belin wanda ake tuhuma, an hana ƙwace dukiyar mutum kafin a same shi da laifi, an soke kuɗin da sarakuna ke tatsa daga attajirai da sunan kyauta. A zamaninsa ne kuma aka fara fitar da dokokin majalisa da Ingilishi, harshen da talaka ke ji.

Sai dai gidansa ya watse. Ɗansa, magajinsa, ya rasu a watan Afrilu 1484. Matarsa Anne ta bi shi a watan Maris 1485. Maƙiyansa suka yaɗa cewa guba ya ba ta don ya auri 'yar yayansa, har sai da ya fito gaban jama'a ya musanta.

Ranar Bosworth

Duk wannan lokaci akwai wani mai dangantaka da gidan Lancaster ta wajen uwa, Henry Tudor, yana gudun hijira a ƙetare. A ranar 7 ga Agusta, 1485, ya sauka a gaɓar tekun Wales da taimakon Faransa. Ranar 22 ga Agusta rundunonin biyu suka haɗu kusa da garin Bosworth.

Rundunar Richard ta fi yawa, amma ba kowa ke tare da shi da zuciya ɗaya ba. Mai sarautar Northumberland bai shiga faɗan ba. 'Yan gidan Stanley suka tsaya gefe da mutanensu suna jiran su ga inda iska za ta kaɗa.

Da Richard ya hango Henry da 'yan tsirarun masu gadi, sai ya yi sukuwa kansa don ya gama yaƙin da hannunsa. Ya kashe mai riƙe da tutar Henry, ya matso dab da shi. A daidai nan William Stanley ya afka da mutanensa a ɓangaren Henry. Aka kewaye Richard, ya rabu da dokinsa, aka kashe shi yana da shekara 32. Hatta marubutan da ba sa ƙaunarsa sun yarda cewa ya mutu yana faɗa, bai gudu ba.

An tuɓe gawarsa, aka ɗora ta a kan doki kai na lilo ta gefe guda ƙafafu ta ɗaya gefen, aka kai ta Leicester. An baje ta don jama'a su tabbatar ya mutu, sannan aka binne shi cikin gaggawa a cocin wasu masu ibada da ake kira Greyfriars saboda tufafinsu masu ruwan toka.

Hoton da masu nasara suka zana

Henry ya zama Sarki Henry VII, gidansa na Tudor ya yi mulki har 1603. A wannan zamani aka rubuta mafi yawan abin da duniya ta sani game da Richard.

John Rous, wanda ya yabe shi yana raye, ya dawo ya rubuta cewa shekara biyu ya yi a cikin mahaifiyarsa, aka haife shi da haƙora da gashi. Thomas More ya siffanta shi da mai karkataccen baya da shanyayyen hannu, ya ɗora masa kisan yaran. Fiye da shekara 100 bayan mutuwarsa, William Shakespeare ya rubuta wasan kwaikwayo mai sunansa, ya fito da shi a matsayin mai ƙusumbi, gurgu, mugu. A wancan zamani mutane na ɗaukar naƙasar jiki alamar muguntar zuciya, don haka siffar da zargin suka tafi tare.

Masu kare shi suka tsaya a ɗaya gefen. Da yawansu sun yi imanin cewa batun bayansa ƙage ne daga farko har ƙarshe.

Kabarin kansa ya ɓata. An rushe cocin bayan Henry VIII ya rufe gidajen masu ibada a 1538. Wurin ya zama lambun wani attajiri, daga baya gine-gine, daga ƙarshe wurin ajiye motoci. Labari ya kuma yaɗu cewa an tono ƙasusuwan an watsa a kogin Soar.

Yadda aka gane shi

Philippa Langley, mamba a ƙungiyar masu kare sunan Richard III, ita ta dage sai an haƙa wurin, tare da masanin tarihi John Ashdown-Hill. Richard Buckley ya jagoranci masu haƙar, Dokta Jo Appleby ta ɗauko ƙasusuwan ta nazarce su, Dokta Turi King ta yi gwajin ƙwayoyin halitta.

Shaida ta farko ita ce wurin. Kabarin na ɓangaren cocin da ake binne masu daraja, inda tsofaffin rubuce-rubuce suka nuna. Amma ramin ya yi wa gawar kaɗan, har kan ya jingina da bango. Babu alamar akwatin gawa ko likkafani. Hannuwan na haɗe a gefen ƙugu, abin da ya sa ake zaton a ɗaure aka binne shi. Tafin ƙafafun babu, wani gini da aka yi a ƙarni na 19 ya tafi da su. Da masu ginin sun gusa kaɗan, da ba a samu komai ba.

Ta biyu ita ce siffar ƙasusuwan. Masana na gane namiji ko mace daga ƙashin ƙugu da ƙoƙon kai, suna ƙiyasta shekaru daga haƙora da yadda ƙarshen ƙasusuwa suka haɗe. Wannan namiji ne siriri, tsakanin ƙarshen shekarunsa na 20 zuwa ƙarshen na 30.

Ta uku ita ce zamanin mutuwa. Duk mai rai na ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa a hankali bayan mutuwa, kuma da auna abin da ya saura ake gane daɗewar ƙashi. Awon farko ya nuna mutumin ya riga 1485 mutuwa. Sai aka lura ya ci kifi da abincin teku da yawa, wanda ke sa ƙashi ya nuna ya fi ainihin shekarunsa tsufa. Da aka gyara lissafin, sai ya faɗo tsakanin tsakiyar ƙarni na 15 da farkon na 16.

Ta huɗu ita ce gwajin DNA. Akwai wani nau'insa da uwa kaɗai ke gadar wa 'ya'yanta, kuma yakan daɗe bai sauya ba. Richard bai bar zuriyar da ta ɗore ba, amma yayarsa Anne ta York ta bar 'ya mace, zuriyar ta ci gaba daga uwa zuwa 'ya. An samo mutum biyu masu rai daga wannan layi, aka kwatanta da abin da aka ciro daga haƙora da ƙashin cinyar ƙwarangwal ɗin, suka dace, kuma nau'in ba mai yawa ba ne a cikin jama'a.

Gwajin ɓangaren uba kuwa bai dace da na mutanen da ke da'awar kaka ɗaya da shi ta wajen maza ba. Masanan sun ce wannan na nuna cewa a wani wuri cikin dogon jerin kakanni akwai ɗan da ba na mijin uwarsa ba ne. Da aka haɗa dukkan shaidu a rahoton da aka wallafa a Disamba 2014, yiwuwar cewa Richard ne ta kai kashi 99.999 cikin 100.

Abin da ƙasusuwan suka faɗa

A kan batun bayansa, kowane ɓangare ya sha kunya. Lallai ƙashin bayan a murɗe yake sosai, don haka ba ƙage ba ne. Amma murɗewar ta gefe ce, ba ƙusumbi ba. Ba da ita aka haife shi ba, ta fara ne bayan ya kai kimanin shekara 10. Ta sa kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu tsawo, abin da tela gwani zai iya ɓoyewa. Da bayan a miƙe yake, da tsawonsa ya kai kusan santimita 174. Hannuwansa biyu lafiya lau suke, babu kuma alamar gurguntaka.

A kan mutuwarsa, an ɗauki hoton ƙasusuwan da na'urar da ke leƙa cikin ƙashi, aka ƙirga raunuka 11, tara a kai. Babu wanda ya nuna alamar warkewa, wato duk an yi su ne a lokacin mutuwa ko dab da ita. Akwai sara marasa zurfi da suka fere saman ƙoƙon kai, da huda a tsakiyar kai irin ta wuƙar yaƙi, da yanka a muƙamuƙi da kumatu.

Biyu da ke ƙeya, ta ƙasa, su ne ake ganin sun kashe shi. Ɗaya babban sara ne da ya cire wani yanki na ƙashi, irin na takobi ko barandami mai doguwar ƙota. Ɗayan suka ce da ta ratsa ƙwaƙwalwa har ta bar tabo a cikin ƙoƙon ta ɗaya gefen. Wurin da raunukan suke ya nuna babu kwalkwali a kansa, kuma mai yiwuwa yana durƙushe ko kife. Babu sara a hannuwansa, alamar sauran jikinsa na cikin sulke.

Sauran biyun, ɗaya a haƙarƙari, ɗaya a ƙashin ƙugu inda aka soke shi ta ɗuwawun dama, wurare ne da sulke ke rufewa. Masanan na ganin an yi su ne bayan an tuɓe gawar, don wulaƙanci, abin da ya dace da labarin ɗora shi a kan doki.

Ƙasusuwan sun ba da labarin cimarsa ma. Haƙarƙari na sabunta kansa cikin 'yan shekaru, ƙashin cinya kuwa a hankali. Da aka kwatanta su, an ga a shekarunsa na ƙarshe ya ƙara cin kifin kogi da tsuntsaye dangin zalɓe da gauraka, ya kuma ƙara shan giyar inabi. A ƙasar da ke daidai cikinsa an samu ƙwayayen tsutsar ciki.

An kuma yi kuskure an gyara. Wani ƙarfe da aka gani tsakanin ƙasusuwan baya, aka fara zaton kan kibiya ne, ya tabbata tsohuwar ƙusa ce da ke cikin ƙasar tun zamanin Rumawa.

Tambayar da ta rage

Bayan shari'a kan inda ya kamata a binne shi, Leicester ko York, babbar kotu ta yanke hukunci a Mayu 2014 cewa Leicester. Ranar 26 ga Maris, 2015, aka sake binne shi a babbar majami'ar birnin, 'yan taku daga inda aka tono shi. Dubban mutane sun yi layi don ganin akwatin gawarsa.

Binciken ya tabbatar da wane ne shi, yadda jikinsa yake da yadda ya mutu. Bai taɓo batun yaran biyu ba, kuma masana tarihi na nan a rabe. Masu zarginsa na cewa a hannunsa suke, shi ke da riba, kuma ya riga ya kashe wasu ba tare da shari'a ba. Masu kare shi na nuna yatsa ga Buckingham ko Henry VII, wasu ma na cewa yaran sun tsira.

A 1674 ma'aikata sun tono ƙasusuwan yara biyu a ƙarƙashin wani matakala a Hasumiyar Landan. Sarki Charles II ya sa aka zuba su a wata tukunyar dutse aka ajiye a majami'ar Westminster. An buɗe ta a 1933, masu binciken suka ce shekarun sun dace da na 'ya'yan Edward IV. Sai dai a lokacin babu awon kabon, babu gwajin DNA, kuma da wuya a bambance namiji da mace daga ƙasusuwan yara.

Yanzu da aka san ƙwayoyin halittar baffansu, akwai abin da za a kwatanta su da shi. Ko da gwajin ya nuna su ne, zai yi wuya ya bambance mutuwar 1483 da ta 1485, balle ya nuna wanda ya ba da umarni. Tukunyar na nan a Westminster, ba a sake buɗe ta ba tun 1933.